Mangala da Ɗori: Zaɓen Kwaleji ga Yaro Mai Wasan Tanis

Kowane falke ya san yadda a ke yi wa jaki kaya. Mangala baki biyu gare ta, sai nauyin dama ya yi daidai da na hagu sa'an nan a kama hanya. In akwai ɗori, a bisa a ke aza shi, bayan an tabbata ba zai karkatar da kayan ba. To, ga wata matsala da ta fara shigowa zaurukan kudancin Katsina, daga 'Yargoje da Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, wadda ta yi kama da wannan. Yaro ya gama sakandare, yana da ƙwaƙwalwar karatu, ubansa yana so ya fito da sana'ar da za ta riƙe gida, ga shi kuma Allah Ya ba shi hannu a wasan tanis, har malaman wasa suna cewa kada a bari baiwar ta lalace. Wace kwaleji za a kai shi?

Mai karatu zai ce ina 'Yargoje ina tanis. Gaskiya ne, wasan nan na birni ne. Filinsa sau da yawa a kan shafe shi da siminti ko kwalta, tsawonsa ƙafa 78, faɗinsa ƙafa 27 in mutum biyu ne za su kara, ƙafa 36 in huɗu ne, da raga a tsakiya mai tsayin ƙafa 3. A kulob-kulob na manyan garuruwa a ke samunsa, da barikin soja, da jami'o'i. Amma rashin zaman lafiya ya watsa 'ya'yan ƙasar nan zuwa Funtuwa da Katsina da Zariya da Kaduna da Kano, wurin dangi da abokan cinikin iyayensu, kuma yaron da ya zauna kusa da fili ya kan fara da tsintar ƙwallo, daga nan wata rana a miƙa masa raket, watau abin bugun. Saboda haka maganar ba ta yi nisa da gida ba kamar yadda a ke zato.

Ƙasar Katsina kuwa ba baƙuwa ba ce ga haɗa karatu da wasa. A shekarar 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, aka riƙa kawo mata zaɓaɓɓun yara daga lardunan Arewa su yi shekara biyar su fito malaman makaranta. Turawan da suka riƙe ta sun zo da al'adar makarantun Ingila, inda a ke ganin filin wasa aji ne na biyu. Da safe Turanci da lissafi da tarihi da Larabci, da la'asar kurket da fayif. Shi fayif ɗin nan ƙwallo ce da a ke bugawa da tafin hannu a jikin bango mai kusurwa, asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila, kuma wani Bature malamin makaranta mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina cikin shekarun 1920, shi ya shigo da shi. Abin sha'awa, da ƙwallon tanis a ke buga shi a Arewa, domin ƙwallonsa na asali mai tauri ne, yana ɓantarar bangon ƙasa. Watau ƙwallon tanis ta daɗe a hannun Katsinawa, raket ɗin ne kawai bai yawaita ba. A gefe guda ga folo, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya raya, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi har ƙasashen waje.

Daga wannan kwaleji Ahmadu Bello ya fito a 1931, bayan ya shiga a 1926. Ya yi fice a fayif da kurket, kuma bai bar fayif ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Har yau a kan yi gasar fayif ta Kofin Sardauna. Amma a duba abin da ya yi da ya fito. Makarantar Midil ta Sakkwato ya koma ya koyar har 1934, sa'an nan aka naɗa shi hakimin Raba. Abubakar Imam ya fito a 1932 ya koyar a Midil ta Katsina, kana ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933 ya koma Bauci da alli a hannu. Babu ko ɗaya cikinsu da ya ci abinci da ƙwallo. Wasan ya ba su lafiyar jiki, da sabo da cin nasara da shan kaye ba tare da hayaniya ba, da zumunci da 'yan wasu larduna wanda ya yi musu rana sa'ad da mulki ya zo hannunsu. Abincinsu kuwa daga satifiket ya fito.

Ba a ce kwalejin nan ba ta da aibu ba. Ƙofarta ƙunci gare ta, yawancin masu shigarta 'ya'yan sarauta ne da na manyan malamai da ma'aikatan En'e, ɗan manomin kudancin Katsina da wuya ya leƙa ta. Kuma hanya ɗaya ta shimfiɗa wa ɗalibanta, ta malanta da aikin hukuma, shi ya sa aka sami mulkin kai a 1960 Arewa tana ƙarancin likitoci da injiniyoyi da lauyoyi. An mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda a ke kiranta Barewa tun 1971. Yaran wancan zamani ba su zaɓi kwaleji ba, zaɓarsu aka yi. Na yau kuwa kwalejoji sun yi yawa, zaɓin ya dawo kan uba da ɗa, alhali uban sau da yawa bai taɓa shiga harabar jami'a ba, ko da ya ke ya san Kurmi da Dawanau da kasuwar Dandume kamar tafin hannunsa.

To, sai a fara da ɗorin, domin shi ne ya fi ruɗin mutane. Tanis wasa ne mai cin kuɗi. Ƙwallo ta kan saki bayan 'yan kwanaki, igiyar raket ta kan tsinke, takalmi ya kan cinye a kan siminti, ga kuɗin mota da masauki zuwa wurin gasa. A duk duniya 'yan ɗaruruwa kaɗan ne wasan ya ke ciyar da su sosai. Sauran, abin da su ke samu da ƙyar ya ke biyan jirgi da mai horarwa. Kuma kasuwa ce mai tashi da wuri, domin gwiwa da kafaɗa ba su jiran kowa.

Duk da haka akwai waɗanda raket ya buɗe musu ƙofar ilmi, kuma labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa. Nduka Odizor, wanda aka haifa a Ikko a 1958, da tsintar ƙwallo ya fara. Wani malamin Jami'ar Houston mai suna Robert Wren ya gan shi, ya ɗauki nauyin kai shi Amurka, ya yi karatu a jami'ar nan yana buga mata wasa. A 1983 ya je Wimbledon, babbar gasar Ingila da aka fara tun 1877, ya ka da Guillermo Vilas na Ajantina a zagayen farko, ya kai har zagaye na huɗu, kuma a 1984 ya zama na 52 a duniya. A wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988 shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci Nijeriya. Shi Sadiq Abdullahi a zagayen farko aka fitar da shi, amma da ya ajiye raket sai ya bi karatu har ya sami digirin dakta a fannin ilmin koyarwa a jihar Florida, ya zama malami. In aka auna da ma'aunin ƙwallo Odizor ya fi shi nisa. In aka auna da ma'aunin uban da ke zaune a 'Yargoje, hanyar Sadiq ita ce ta fi kusa da abin da yaro zai iya bi, domin kai wa zagaye na huɗu a Wimbledon rabo ne na ɗaiɗaiku, digiri kuwa duk mai naci yana iya kai hannu gare shi.

Har wa yau ga Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka da ya ci Wimbledon a 1975. Da sukolashif na tanis ya shiga Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, ya fito da digiri a fannin kasuwanci a 1966. Shi ne wanda ya ke tsakiyar wasa a Ikko cikin watan Fabrairu na 1976, 'yan kwanaki bayan kisan Janar Murtala, Allah Ya jiƙansa, sojoji suka shigo fili suka tashi wasan. A 1979 ciwon zuciya ya kama shi, a 1980 ya bar gasa yana da shekara 36. Wanda ya ci babban kofin duniya ke nan, kuma sauran rayuwarsa da alƙalami da magana ya yi ta.

Hanyar Amurka ɗin nan ya kamata a san yadda ta ke, domin dillalai sun fara yawo da ita a baki. Jami'o'in can suna da ƙungiyar wasanni mai suna NCAA, ta kasa su aji uku. Na ɗaya da na biyu suna ba da sukolashif saboda wasa, na uku ba su bayarwa, sai dai taimako saboda ƙoƙarin karatu ko rashin hali. Shekaru da yawa, kafin a sake dokokin a 2025, ƙungiyar tanis ta maza a aji na ɗaya ba ta wuce sukolashif huɗu da rabi, a raba wa 'yan wasa takwas ko goma, ta mata kuwa takwas. Ma'anarsa, yawancin samari rabin kuɗi ko sulusi a ke yafe musu, sauran uba zai cika da dala, ita kuwa dala ta haura naira 1,000 tun bayan da aka saki farashinta a 2023. Doka ta ce kada horo da gasa su wuce awa 20 a mako lokacin kakar wasa, amma tafiye-tafiye ba su cikin lissafin, shi ya sa ɗan wasa ya kan sha wuya in ya ɗauki fanni mai yawan aikin ɗakin gwaji. Sau da yawa kuma alkawarin na shekara ɗaya ne, a sabunta ko a ƙi. Ga shi a 2025 Amurka ta ƙara tsananta ba 'yan Nijeriya biza. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da shanu a ba shi kuɗi zai samo wa yaro gurbi, a tambaye shi takardar jami'ar mai hatimi, wadda ta faɗi adadin abin da aka yafe da abin da ya rage. Ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗin buhun da bai soka wa tsinke ya ga ƙwayarsa ba.

Saura na gida, inda mafi yawan yara za su tsaya. A jihar Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Alƙalam ta 2005, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma ta 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da kwalejojin horon malamai, ta Tarayya a Katsina da ta Isa Kaita a Dutsin-ma. A maƙwabta ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Jami'o'in ƙasar nan suna da gasar wasanninsu, NUGA, wadda aka fara a 1966, kuma tanis yana cikinta. A Kano a kan yi gasar Dala, wadda ke tara gwanayen ƙasa. Wannan ya nuna Zariya da Kano sun fi sauƙi ga yaron da ke son ya ci gaba da buga wasa, domin can ne zai sami abokan karawa da suka fi shi, kuma ɗan tanis ba ya ƙaruwa sai da wanda ya fi shi. Fili ba abokin bugu kamar rijiya ce ba guga.

Amma fa ba raket ne ke shigar da yaro jami'a a ƙasar nan ba. Sai ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar WAEC ko NECO, ko ta hukumar NBAIS ga 'yan makarantun Larabci, har da Turanci da lissafi a yawancin fannoni. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB, darussa huɗu, maki 400, kuma kowane fanni da makin da ya ke nema; likitanci da lauya da injiniya sun fi tsada. Nan ne a kan yi kuskuren da ya fi kowane yawa. A ga yaro ɗan wasa ne sai a ce to ya karanta ilmin motsa jiki da lafiya, a huta. Fannin nan ba abin rainawa ba ne, akwai shi a Zariya da Kano, kuma daga cikinsa malaman wasa da masu horarwa ke fitowa. Amma sai in yaron da kansa yana son ya ƙare rayuwarsa a wannan aiki. In zuciyarsa tana wajen aikin gona na zamani, ko akanta, ko haɗa magunguna, to a bar shi ya nemi wannan, ya buga tanis da la'asar kamar yadda 'yan Kwalejin Katsina suka buga fayif. Ƙasar da ke noma masara da auduga da dawa, ga farar ƙasa a Ƙanƙara, ga kasuwar Sheme, tana bukatar ɗanta ya dawo da abin da za a yi amfani da shi a nan.

Malaman zaure ba su bukatar a koya musu wannan babi. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda almajirai ke karantawa tun da daɗewa, ya keɓe fasali guda a kan zaɓen fanni da malami da aboki, kuma a cikinsa an shawarci mai neman ilmi ya yi kamar wata biyu yana bincike da shawara kafin ya durƙusa gaban wani malami, don kada ya fara ya bari. Fanni a gaba, malami a bayansa, aboki na uku. Ko a jami'a tsarin bai sake ba. A tambaya ko hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da fannin a wannan makaranta, domin jami'a tana iya zama mai suna alhali wani fanninta bai sami amincewa ba, yaro ya gama ya rasa inda zai kai takardarsa. A tambayi waɗanda suka gama shekara uku ko huɗu da suka wuce ina su ke yanzu, me su ke yi. Sa'an nan a je filin tanis ɗin da ƙafa, da la'asar, ba da hantsi ba, a ga ko akwai raga a ɗaure, ko akwai masu bugu, ko kuwa awaki ne ke kwance a kansa. Takardar talla ta kan nuna fili ran da aka shafa masa fenti.

Akwai kuma lissafin lokaci. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 suka yi na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga kowane ɗalibi wannan hasara ce, amma ga ɗan wasa ta ninka, domin shekarun ƙarfinsa ƙidayayyu ne. Jami'ar kuɗi ba ta cika shiga yaji ba, sai dai nauyinta a aljihu ya ke. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗaliban makarantunta da na jihohi rance, NELFUND, wanda ba a ɗora masa ruwa. Amma rance ne, ranar biya tana nan tafe, kuma ba ya sayen ƙwallo ko takalmi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda uba a Ikko ko Abuja ba ya sa shi farkon lissafi, amma a wannan yanki shi ne kan gaba. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara da dare suka kwashe yara fiye da 300, sai ranar 17 ga watan aka sako su. A watan Oktoba na 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-ma daga gidan haya a wajen makaranta. A watan Yuni na 2024 aka auka wa 'Yargoje kanta, aka kashe mutane da yawa, Allah Ya jiƙansu. Mutumin da ya ga wannan, in an ce masa kwaleji, abin da zai fara tambaya shi ne ina yaron zai kwana, kuma wace hanya zai bi. Tambayar daidai ce. Ɗan wasa ya fi sauran ɗalibai yawan tafiya, ya kan taso daga fili bayan magariba, ya kan bi mota zuwa gasa a wani gari. Saboda haka ɗakin kwana a cikin harabar makaranta, kusa da fili, ya fi masa amfani a kan fili mai kyau da gidan haya a bayan gari. Kusanci da gida ma ba shi ne aminci ba kullum. Wani lokaci makaranta mai nisa wadda yaro zai zauna zango guda cur bai fito ba ta fi ta kusa wadda zai riƙa zirga-zirga a kan hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme kowace Juma'a.

Ga kuma gonakin da aka bari ba a nome ba a wasu shekarun saboda tsoro, wanda ya rage abin da uba zai iya fitarwa. Wanda ke da 'ya'ya takwas ba zai zuba jarin gida duka a kan raket ɗin ɗaya ba, kuma bai kamata a ga laifinsa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi wa yaron magana a fili, a gaban kawunsa ko malaminsa, a ce ga abin da gida zai iya: kuɗin makaranta da abinci da littattafai. Ƙwallo da igiya da kuɗin gasa kuwa ya nema da hannunsa, ta koya wa 'ya'yan ma'aikata wasa a ranakun hutu, ko ɗaura igiyar raket, ko alƙalancin wasa, waɗanda duka ƙananan sana'o'i ne da a ke biya a kulob-kulob na birni.

A farkon shekara a ke sayar da fom ɗin JAMB, kuma a cikinsa ne yaro zai rubuta makarantar da ya fi so da waɗanda ke bi mata. In sakamako ya fito makin bai kai ba, hukumar tana ba da damar a sake makaranta ko fanni da ɗan kuɗi kaɗan. Saboda haka lokacin bincike shi ne kaka, bayan an kai masara gida, sa'ad da 'yan kasuwa ke yawan shiga Funtuwa da Zariya da Kano da kaya. Wanda ya sauke buhunansa a Dawanau, Jami'ar Bayero tana cikin garin nan. Wanda ya bi ta Funtuwa zuwa Zariya, ta ƙofar Samaru motarsa za ta wuce, ya iya sauka da yaron su kwana ɗaya su ga ajin da ɗakin kwanan da filin.